Hancin Baba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Mahaifinmu ya rasu ranar Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kafin masu rakiya su dawo daga maƙabarta, layinmu ya toshe da danfo, ƙananan bas ɗin hayar nan na Ikko, tun daga bakin masallaci har kusa da layin dogo. Babu mai ɗaukar fasinja, babu kwandastan da ke ihun kiran masu zuwa Iyana Ipaja. Duk wanda ya san unguwarmu Agege ya san ba ƙaramin abu ke sa direban danfo ya kashe mota da rana tsaka ba.

Ina ciki wajen mata, amma tabarmin maza a jikin tagarmu aka shimfiɗa su, don haka duk abin da ake faɗa yana shiga kunnena. Aka yi addu'a, aka shafa, sai aka shiga yabo. An ce mutum ne mai sallah, mai zumunci, kuma haka yake. Amma a gurguje aka faɗi waɗannan. Inda kowa ke son ya kai shi ne hanci.

"Wallahi an yi rashin hanci," in ji wani tsohon direba Basakkwace. "Ka kawo masa mota tana shan mai kamar tankin rariya ne, ya shaƙa sau ɗaya, ya taɓa nan, shi ke nan."

Wani Bayerabe ƙato, wanda na sani da faɗa a tasha, ya zauna yana kuka wiwi da hularsa a hannu. "E pele o, e pele," yake ta ce wa 'yan'uwana, wato sannunku da haƙuri. "Baba Onimu ya tafi." Haka Yarbawa ke kiransa, wato Baba Mai Hanci.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dafa ni tana share hawaye. "Kin ji ko? Kin ji shaidar da ake yi wa ubanki?"

Na ce, "Na ji, Gwaggo." Na tashi na shige madafi, na yi kukana ni kaɗai, kuma rabin kukan nan haushi ne. Abin da suke yabo shi ya kai shi kabari. Ga kuma Yayanmu, ɗan farin Baba, zaune a tsakiyarsu yana amsa gaisuwa, yana toshe tari da hannun riga, babu wanda ya ko waiwaye shi. Ina wannan rubutu don kada a manta da Baba, gaskiya ne. Amma ina yi kuma don ina tsoron kada a sake shimfiɗa tabarmin nan saboda Yaya.

Kakanmu fataucin goro ya kawo shi Ikko, a nan ya zauna, a nan aka haifi Baba. Yarbanci a bakinsa sai ka rantse ba Bahaushe ba ne, sai in ya fusata. Baba ya ƙi fataucin goro, ya bi gareji, har ya buɗe nasa a bayan tasha, rumfar kwano mai bango uku. Ni kuma da na yi aure na buɗe rumfar tuwo a tsallaken garejin. Aikin Baba a gaban idona aka yi shi, ba labari aka ba ni ba.

Shi ba ya sauke inji, ba ya gyaran birki. Aikinsa ɗaya ne, ya sa mota ta rage shan mai ba tare da ta rasa ƙarfi ba. A tsofaffin motoci akwai kabireta, wani ƙarfe da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. In fetur ya yi yawa, asara ce da baƙin hayaƙi. In ya yi kaɗan, mota ta riƙa shaƙewa a kan gada da fasinja cike. Tsakanin biyun nan Baba yake nema, kuma da hanci yake nemansa.

Sai ya ce, "A ba ta wuta." Ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa a bayan mota, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya kamfato hayaƙi ya kai hanci, kamar mace tana zaɓen turare a kasuwa. Ya lumshe ido. Sannan ya ce, "Ta ƙoshi har tana amai," ko ya ce, "Yunwa take ji." Injin danfo a baya yake, saboda haka ko tashi ba ya yi. Ya miƙa sukudireba ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti, ya sake shaƙa, ya sake murɗawa, har sai ya ce, "Yauwa, yanzu ta yi hankali." Da baki yake hure ƙananan ramukan kabireta. Da baki yake zuƙo fetur ta tiyo, ya tofar, ya jefa goro a baki. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ko carbinsa aka kusantar da wuta sai ya kama.

Yana da maganganunsa. Direba ya fara rantsuwa cewa shi ba ya gudu, sai Baba ya ce, "Yi shiru, zan tambaye ta ta baya." In ya ga mai taka totur a cikin gosulo, sai ya ce masa, "Kai da mai gidan mai 'yan'uwa ne?" Tayar da ba ta da iska kuwa, kafin ya duba komai sai ya shure ta ya harari mai motar. Ni yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Autanmu yana kiransa Auta. Yaya kuwa, da yake ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. "Kai" ne, ko "wancan".

Akwai wata Bayerabiya da muke kira Iya. Mijinta direba ne, abokin Baba, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da wata danfo da ta gama yayi. Baba ya ɗauki motar nan kamar amana. Kowace Juma'a da safe, kafin ya taɓa motar kowa, ta Iya yake dubawa, kuma bai taɓa yarda a yi masa maganar lada ba. Da motar nan Iya ta yi rainon 'ya'yanta har babban ya kama sitiyari. Ranar da zai fara fita, Baba ya zaunar da shi a rumfata ya ce, "Uwata, zuba masa da nama." Ya yi masa huɗuba a kan taka totur har tuwon ya huce.

Sai zamani ya juya. Motocin tokumbo, wato na hannu da ake kawowa daga waje, suka fara shigowa babu kabireta, sai injekta da wayoyi da wani ɗan akwati da ake ce wa ƙwaƙwalwar mota. Babu notin da za a murɗa. Baba ya duba, ya duba, ya samo tasa dabarar, wadda bakanikai da yawa a nan suka yi. In irin wannan mota ta fara ciwo, sai ya yanke wayoyin, ya cire akwatin, ya sa a nemo masa tsohuwar kabireta a kasuwar kayan gyara ya ɗora. "Na mai da ita mota," yake cewa. Direbobi suna murna, don sun dawo hannun da suka sani.

A kan wannan suka ɓata da Auta. Shi Auta a Ebute Metta ya koyi aiki, wajen masu gyaran sababbin motoci, ya dawo da wata na'ura mai allo da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta. An yi dace, ko rashin dace, lokacin tsohuwar motar Iya ta mutu murus, Iya da 'ya'yanta sun yi fafutuka sun sami tokumbo mai injekta, ita ma ta fara shan mai. Baba ya ɗauko filaya. Auta ya durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah kada a yanke. Wannan tana da nata hancin a cikin salansa. Ita ke shinshina hayaƙinta, ta auna wa kanta mai da iska. Ɗan abin ne ya mutu, a canza shi kawai. In aka sa mata kabireta sai ta fi haka sha."

Direbobi suna zaune a kan benci suna kallo.

"Tana da nata hancin," in ji Baba a hankali. "To ni na zama me ke nan?"

"Baba, ba haka nake nufi ba. Hayaƙin nan ma ba ya da kyau ga ƙirjinku."

Ƙaras, Baba ya datse wayoyin. Ina jin ƙarar daga rumfata. "Ɗauki rediyonka ka bar min gareji."

Auta ya tattara ya koma Ebute Metta. Daga nan sai gaisuwar sallah, ya durƙusa, a amsa masa da ka. Motar Iya kuwa ta ƙara shan mai kamar yadda Auta ya faɗa. Baba ya sani. Bai taɓa furtawa ba, sai dai ya ƙara tsawon durƙusonsa a bayanta kowace Juma'a. Baba mutumin kirki ne, amma taurin kai gare shi, Allah ya yafe masa. Ban rubuta wannan don in wanke shi ba.

Ni na fara gane hancin ya mutu. Wata rana na sha'afa da ciniki shinkafa ta kama, ƙauri ya cika layi har mai shayi yana min tsiya. Baba, wanda a da tun daga bakin titi yake gaya min daddawar yau ba irin ta jiya ba ce, ya tsallako ya zauna dab da tukunyar ya ce, "Uwata, yau me aka dafa?" Na zaci zolaya ce. Na dube shi, fuskarsa babu wasa.

Daga ranar na sa ido. Sai na ga yana durƙusawa kamar kullum, ya kamfato hayaƙi, ya lumshe ido. Sannan ya ce wa Yaya, "Kai, zo ka koya." Yaya, mutum mai furfura a gemu, da 'ya'ya har da mai aure, ya durƙusa ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ce, "Baba, kamar ta ƙoshi ko?" Baba ya ce, "Yanzu ka fara ganewa." A murɗa noti, Yaya ya sake shaƙa. Direbobi suna dariya, wai har yanzu Yaya bai gama makaranta ba. Shekaru aka yi a haka. Duk hancin da aka yaba a zaman makoki, na shekarun ƙarshen nan, na Yaya ne.

Da fetur ya yi tsadar nan da ta gigita kowa, sai garejin ya zama kamar asibiti. Tun da sassafe layi, kowa da magana ɗaya, "Baba, a matse min ita." Ba laifinsu ba ne. Mutum ya wuni a kan titi ya koma gida, abin da ya samu duk tanki ya shanye. Da damina kuma aka rufe gaban rumfar da tamfol saboda ruwa, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Baba ya riga ya saba da tari, mun ɗauke shi kamar gaisuwarsa. Amma sai idanun Yaya suka koma ja, ciwon kai ba ya sakinsa, wata rana yana alwalar la'asar jiri ya kwashe shi ya kifa a kan buta.

Ranar na kasa haƙuri. Na bari direbobi sun tafi salla, na tsallaka na durƙusa.

"Baba, na san ba kwa jin ƙamshi."

Bai ɗago ba. Yana goge sukudireba da tsumma.

"Ku gaya musu. Ku kira Auta. Yaya zai mutu a bayan motar mutane."

"Uwata, in na ce hancin ya mutu, wa zai ƙara tako nan? Gidan nan da me zai tsaya?"

Na ce, "Gara a binne hancin da a binne ɗan."

Ya dube ni, kallon da bai taɓa yi min ba. Ya daina cin tuwona har damina ta wuce, yana aikawa a sayo masa burodi a gabana. Na ji zafi, amma ko yau aka mai da ni wurin, abin da zan faɗa ke nan.

Ciwon ya kayar da shi bayan babbar sallah. Numfashi ya gagara, ko daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. Muka kai shi babban asibitin nan na wajen Idi-Araba. Likita ya duba hoton ƙirji ya tambaye shi tun yaushe yake shan taba. Baba, a haka, ya yunƙura zai tashi don fushi. "Ni? Ko riƙe ta ban taɓa yi ba!" Da aka gaya wa likitan irin aikinsa, sai ya gyaɗa kai. Ana cikin haka Yaya ya yi tari daga bakin ƙofa. Likitan ya juya. "Wannan ma aikinsu ɗaya? A duba shi." Yaya ya ce mura ce, ya fice. Na ga idon Baba ya bi shi har ya ɓace.

Suka zura masa robar iska a hanci. Hancin nan da Agege ke alfahari da shi. Na kasa kallo, na riƙa gyara masa bargo don in sami abin yi.

Da yammacin wata Litinin ya ce a kira Auta. Auta ya zo a guje, da kayan aiki a jikinsa, ya durƙusa a gefen gado. Baba yana magana yana hutawa.

"Rediyon nan naka yana nan?"

"Yana nan, Baba. Na ma sami wanda ya fi shi."

"Ka kawo shi gareji."

Auta ya kifa kai a kan katifa yana kuka. Sai Baba ya juya wajen Yaya, ya kira shi da sunansa. Wallahi sai da na waiga in ga ko wani ne ya shigo, don ban taɓa jin sunan a muryarsa ba. Yaya ma ya daskare.

"Ka tashi daga bayan mota. Ni na durƙusar da kai. Kada ka ƙara." Ya ja numfashi. "Ka yafe min."

Yaya ya ce, "Haba Baba, ba ku yi min komai ba."

"Ka ce to."

"To, Baba."

Ranar Laraba ya cika. Duk da baƙin cikin da nake ciki, akwai wani ɗan sanyi a raina, na ce ko ba komai ya kwance abin da ya ɗaure kafin ya tafi.

Bayan sadakar bakwai aka buɗe gareji. Auta ya zo da na'urarsa, ya yaye tamfol, ya share wuri. Motoci sun riga sun yi layi, don tun kwanciyar Baba babu wanda ya taɓa su. Auta ya shiga ta farko da igiyar na'ura a hannu, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona. Ya daɗe. Ya fito da guntayen wayoyi a tafinsa, an naɗe bakinsu da baƙin salatif.

"Ai Baba ne ya cire," in ji mai motar, har da alfahari. "Ya mai da ita mota."

Ya shiga ta biyu, haka. Ta uku, haka. Duk wanda ya riƙe Baba da amana, motarsa ta bi ta ƙarƙashin filayar nan. Auta ya yi musu bayani cewa ana iya mayar da komai, amma sai an nemo akwati da wayoyi, kuma sai mota ta kwanta ana aiki. Wani ya ce, "Oga, in ta kwanta yau, mu ma da yunwa za mu kwanta." Aka fara gunaguni. Idanu suka koma kan Yaya, wanda ke zaune a benci ya haɗa hannuwa. Bai motsa ba. Na ce a raina, Allah ka ƙara masa ƙarfin zuciya.

Sai ga motar Iya ta shigo tana tuttuɗa baƙin hayaƙi, ɗanta a sitiyari, ita a gefe. Ta tsufa ƙwarai, sai da aka riƙe ta ta sauko. Ta yi mana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa Baba addu'a da Yarbanci. Ba ta roƙi komai ba. Cewa kawai ta yi, "Tun da ya kwanta, abin da za mu ci motar nan ke shanyewa." Ranar Juma'a ce kuwa. Auta ko leƙawa bai yi ba. A gabansa aka yanke wayoyin wannan.

Yaya ya sunkuya ya fara naɗe ƙafar wando.

Na fito daga rumfa da ludayi a hannu. "Yaya! Wasiyyar Baba fa? Ka ce masa to!"

Bai dube ni ba. "Wannan kaɗai," ya ce. "Amanarsa ce." Ya durƙusa, ya tara hannu a bakin salansa. "A ba ta wuta."

Na ji tsohon Basakkwacen nan yana cewa, "Alhamdulillahi, ashe hanci bai mutu ba." Na ɗaga kai na dubi layin da ke bayan motar Iya. Ya kai layin dogo.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa wahalar numfashin nan ta zama kankarar zunubi. Ya ciyar da gidaje da yawa, ya riƙe maraya, bai ci haƙƙin kowa da gangan ba. Ku da kuka zo kuka yabi hancinsa, na gode, amma in kun ɗaga hannu ku sa da mai rai. Auta yana nan yana lallaɓar masu motoci ɗaya bayan ɗaya, ya sami mutum biyu sun yarda. Yaya har yau bai je an duba shi ba.

Jiya ina kwashe tuwo na ji tari a bayana, mai zurfi, irin wanda ke ƙarewa da fito. Ban juya ba na ce, "Sannu, Baba."

Da na juya, Yaya ne tsaye, ya miƙo kwano.